Shekarar da Nababa Ya Cire Wake Daga Gonarsa

Sunansa na yanka Muhammad Awwal. Sunan kakansa aka mayar masa, don haka tun yana goye ba mai iya kama sunan a gidan, sai aka riƙa cewa Nababa, har ya bi shi zuwa furfura. A Ɗorawar Sule aka haife shi, wani ƙauye da ke yamma da titin Ɗambatta. A nan ya yi karatun allo, a nan ya yi aure, a nan ya binne iyayensa. In ka cire wani rani da ya taɓa yi yana tura baro a Kano lokacin samartaka, bai taɓa yin wata guda cur a wani gari ba.

Da aka raba gado gona ɗaya ce ta zama rabonsa, ta bayan gida, wadda ta taso daga jikin dangarsa ta miƙe har bakin hanyar da ke fita titi. Ba wata babba ba ce. A wannan yanki ba mai babbar gona, don babu sauran daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, iyakar ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwan lalle ba. Ba a hutar da ƙasa, don in ka hutar da ita ba ka da wata da za ka koma. Ƙasar kuma jigawa ce, yashi ya fi yawa. Tun zamanin kakan da ya ci sunansa ake nome gonar Nababa kowace damina, kuma abin da ya hana ta mutuwa duk tsawon shekarun nan ba komai ba ne illa kashin awaki.

Awakin kuwa ba nasa ba ne. A Ɗorawar Sule, kamar sauran ƙauyukan wajen, akuya dukiyar mace ce. Matarsa Hure ta zo gidan da wata 'yar akuya ja da kakarta ta ba ta, daga ita garken ya tashi. In an yi haihuwa a dangi daga ciki take gudummawa, in ciwo ya kama yaro ta sayar da bunsuru, in 'ya ta isa aure daga nan kwanuka da katifa ke fitowa. Miji ba ya taɓa ko ɗaya sai da yardarta. Nasa shi ne ciyarwa. Da damina, lokacin da ake ɗaure dabbobi a turke don kada su faɗa shukar mutane, shi zai yanko musu ciyawa safe da yamma. Da rani ya sauko musu da harawar wake da ta gyaɗa daga kan rufin ɗaki. Ladansa shi ne abin da ya zuba a ƙarƙashinsu. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ba a kuma faɗa wa ango ranar ɗaurin aure, amma kowa a kansa ya tashi: dabba tana nan a matsayin ta mai ita, takinta kuwa na wanda ya ciyar da ita ne.

Shi ya sa shukar Nababa ba ta taɓa zama iri ɗaya ba. Gero da dawa a jere, wake a tsakaninsu, gyaɗa a kusurwar da ta fi yashi. Gero ya riga nuna ya tare yunwar ƙarshen damina. Dawa ta cika rumbu, karanta ya zama danga da makamashi. Wake a ci a sayar, ganyensa a ɗaure dami-dami a jera a kan rufi. Bazara na kamawa sai ya kankare turken da shebur, ya cika mangala, ya kora jakinsa gona, ya zuba takin tsibi-tsibi. Kullum daga bakin hanya yake farawa, kamar yadda ya ga mahaifinsa na yi. Tsohon yakan ce a bar masu wucewa su gani, su san gidan da maza. Da haka ƙasar bakin hanyar ta fi ta ko'ina duhu da laushi.

Nababa ya ga sauye-sauye a rayuwarsa, sai dai duk a hankali suka riƙa zuwa. Yana yaro hukuma ce ke yanka wa gyaɗa farashi, mahaifinsa ya kai buhu wurin masu awo a ba shi abin da aka yanka, ko ya so ko ya ƙi. Yana saurayi aka ce hukuma ta zare hannunta, kowa ya sayar inda ya ga dama. Ya ga zamanin da ake kawo takin zamani ƙofar gidan mai unguwa a raba da araha. Ya ga buhu ya koma na mutum biyu, ya ga ana raba shi da kwano, har aka wayi gari sai dai a shago, da kuɗinka. Duk wannan bai hana shi barci ba. In ya samu ɗan takin zamani ya ƙara, in bai samu ba awakin Hure na nan.

Shekarar da aka janye tallafin man fetur ce ta biyo shi har cikin ɗaki. Kuɗin motar Kano ya ninka, kuɗin niƙa ya ninka, sabulu da gishiri suka bi sahu, maganin hawan jinin Hure kuwa har ya daina tambayar dalili. Gonarsa ciyar da gida take yi, ba kuɗi take kawowa ba, ga shi komai ya koma sai da kuɗi masu yawa. A rediyo kullum ana cewa a yi haƙuri, gyara ake yi, in aka bar kasuwa ta yi halinta manomi zai fi kowa morewa. Kuma da farko abin ya yi kama da gaskiya, ga masu masara. Masu gidajen kaji suka riƙa turo manyan motoci kasuwar Ɗambatta suna kwashe ta tun kafin a sauke daga amalanke. Kowace ranar kasuwa sai farashin ya ɗara na wadda ta wuce.

Basiru, ƙanin Nababa, wanda gonarsa ke jikin tasa, ya riga kowa farga. Ya kawar da gero da wake ya zuba masara zalla, irin kamfani. A kaka ɗaya ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya sayi babur, har ya fara taɓa dillancin filaye. Yakan tsaya a bakin iyaka, babur a kunne, ya tsokani yayansa.

“Yaya, kai har yanzu akuya kake yi wa noma? Rabin gonarka abincin awakin matarmu ne. Su ne masu gidan, kai ɗan ƙodago.”

“To ai su ba su taɓa ƙara mini farashi ba,” in ji Nababa, sai a yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Dariyar ta ƙare ne wata ranar kasuwa, da ya je sayen maganin Hure da kuɗin da ya saba zuwa da su, mai shagon ya yanko masa rabin kati. Ya dawo ya tarar ashe ta daɗe tana raba ƙwayar biyu ba ta faɗa masa ba. Da yamma, tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna a kan turmi ya ce mata bana masara zai zuba, gonar gaba ɗaya. Ya ce Basiru ya tabbatar masa irin kamfani ba ya son maƙwabci, sai an shuka shi a matse, babu wurin wake.

“Awakina fa, Malam?”

Ya ce in masara ta yi, harawa amalanke guda zai sayo mata, har sai sun ture ta da ƙafa. Ta dubi garken, sannan ta ce Allah ya sa albarka. Ita ma ta gaji da raba ƙwaya. Abin da bai zo wa ko ɗayansu a rai ba shi ne, irin wannan zance ake yi a kusan kowane gida daga Ɗorawar Sule har ƙauyukan da ke zagaye da ita.

Masarar kamfani ba ta ƙoshi da takin gida, sai da kamfa da yuriya, irin ma saye ake yi. Abin da Nababa ya mallaka da zai iya ɗaukar wannan nauyi jakinsa ne kaɗai. Masu sayen fata sun sa jaki ya yi daraja, aka taya da kyau, ya sallama. Da ake tura shi cikin mota ya juya baya yana gyara igiyar da aka miƙo masa, bai ɗago ba sai da ƙarar injin ta yi nisa.

Damina ta yi kyau. Masarar ta tashi kore shar har tana baƙi-baƙi, ta fi mutum tsayi, masu wucewa na tsayawa su yi masa barka. Bai taɓa ganin gonarsa haka ba. Da kaka buhuna suka cika ɗakin da ke kusa da zaure har bakin ƙofa. Rufin ɗakunan ne kawai ya zauna fayau, ba dami ko ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka gina su. Ya lura, amma ya ce a ransa lamarin 'yan makonni ne.

Hatsi yakan faɗi da kaka ya tashi da bazara, wannan ko yaro ya sani. Saboda haka da farashi ya sauka bai damu ba, ya rufe ɗaki ya zauna jira kamar kowa. Sai labari ya zo cewa an buɗe ƙofa a shigo da abinci daga waje ba tare da haraji ba, don mutanen gari su samu sauƙi. Nababa bai ji haushin mutanen gari ba. Babbar 'yarsa tana aure a unguwar Bacirawa a Kano, ya san akwai ranakun da sau ɗaya suke ɗora tukunya. Ya dai ɗauka abin zai tsaya a birni. Bai tsaya ba. Motocin masu kaji suka ragu, suka daina zuwa. Duk wanda ya ɓoye masara ya tsorata ya fito da ita lokaci guda. Ranar kasuwa ta zo farashi ya sauka, wata ta zo ya ƙara sauka. Fetur bai sauka ba, magani bai sauka ba, takin zamani kuwa hawa ma ya yi.

Awaki ba su san da wannan ba, yunwa kawai suka sani. Bayan girbi an sake su su yi kiwo a gonaki kamar kullum, amma gonakin duk busasshen karan masara ne, cikin ɗan lokaci suka zama fili. Nababa ya ɗauki buhu guda ya kai Ɗambatta don ya cika alkawari. A nan ya tarar harawa ta zama kayan gabas. Yankin gaba ɗaya bai shuka wake ba, ɗan abin da ya shigo kasuwa kuma masu kiwon ragunan Sallah daga birni suna tsaye a kansa. Kuɗin buhunsa ya sayo abin da ya ɗauro a bayan keke, bai kai ko'ina ba. Ya sake kai wani buhun, aka saya ƙasa da na farko, harawar kuma ta ƙara tsada. Daga nan ya fara lissafin cewa masarar nan ita ce tuwon gidan har wata kakar, tunda babu gero babu dawa a rumbu. Ya koma sayen kaɗan-kaɗan, yana cewa mako mai zuwa kasuwa za ta juyo.

Awakin suka cinye ƙasan danga. Suka riƙa gaigayar ɓawon darbejiyar ƙofar gida, suna bin juji suna tauna leda. Ƙasusuwan bayansu suka fito. Wata mai ciki ta yi ɓari. Wata ja, jikanyar jikanyar wadda Hure ta zo da ita, ta kwanta ta kasa tashi, aka yi sauri aka yanka, da aka farke cikin leda ce dunƙule fal. Hure ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta wanke wuƙar, ta raba naman ga maƙwabta, washegari bayan ya dawo daga masallaci ta durƙusa gefen tabarmarsa.

“Malam, izini nake nema. Zan kai awakin nan gidan Yaya Abdulhadi kafin su ƙare.”

Abdulhadi yayanta ne, yana zaune a wani ƙauye ta wajen Dawakin Tofa, kuma bai shiga harkar masara ba. Nababa ya ce ta ƙara haƙuri kaɗan, bazara ta kusa, dole kasuwa ta motsa.

“Tun kaka muke jiran ta motsa. Ba gori nake maka ba, ni ma na ce amin ranar nan. Amma su ke nan abin da nake da shi, ga Bilkisu ta girma.”

Bilkisu ita ce autarsu, kuma ya san me take nufi. Ba shi da bakin hanawa, dukiyarta ce, shi ne ya gaza a nasa ɓangaren. Ya ce ta kai su. Shi da kansa ya taya ɗora su a amalanken da Abdulhadi ya aiko. Daga shi har ita sun san takin gonar ne ya hau amalanken tare da awakin.

Bazara ta zo da zafinta. Nababa ya kankare turken, abin da ya samu bai cika buhu biyu ba, rabinsa ma ƙasa ce. Ya zaga gonar ya ɗebi ƙasa a hannu ya murza, sai ta zube fara tas kamar ta bakin rafi. Masara ta tsotse ta. Ya tuna tun ƙarshen damina ya ga jan furen ƙuduji ya leƙo a gefe-gefe, ciyawar nan da ba ta fitowa sai a ƙasar da ta gaji, in kuma ta kama gero sai ta shanye shi tun daga saiwa. Gonar na bukatar abinci kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba duk abin da ya shuka wahalar banza ce.

Ya fara da shagon taki. Aka gaya masa farashi, ya auna da masararsa, ya ga sai ya ba da buhu biyu da ɗori kafin a ba shi ɗaya. Ya wuce kasuwar dabbobi, inda a da in kasuwa ta watse kowa ke zuwa da tsintsiya ya share kashin shanu ya tafi da shi, har a yi masa godiya. Ya tarar an zuba shi a buhuna an jera, da mai karɓar kuɗi, mutane na layi. Duk wanda takin zamani ya gagara ya dawo nan. Ya tambayi masu tifa da ke kawo sharar birni, suka ce ya fara biyan kuɗin man da zai kawo motar. Ya je ya duba wadda aka juye wa wani maƙwabcinsa, leda ce da fasassun kwalabe da tsumma, takin sai an tona.

A kwanakin nan Basiru ya zo masa da ƙafa, don babur ɗin ya tafi. Ya rame, tsokanar ta bar bakinsa. Shi ma masarar ta kayar da shi, dillancin fili ne kawai ke ba shi na cefane, kuma ya riga ya sayar da wani yanki na tasa gonar. Ya ce akwai wani Alhaji a Kano da ke neman fili a bakin hanya, ba noma zai yi ba, ajiye kuɗinsa yake so ya yi a ƙasa tunda naira ba ta riƙe daraja. In Yaya zai ba da rabin da ke bakin hanya, za a biya a take.

Nababa ya ce masa ya tashi ya ba shi wuri. Basiru ya tashi, ya kai bakin zaure ya tsaya.

“Yaya, wallahi ba don ladan dillanci na zo ba. In ka shuka a haka ba ka samu komai ba, baɗi duka za ka sayar, kuma a farashin mai jin yunwa.”

Kwana biyu maganar na cin sa. A na uku ya hau kekensa ya nufi gidan Abdulhadi. Tun daga nesa ya hango gonar surukin nasa, tsibin taki a jere baƙi ƙirin har ƙarshenta. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, aka kawo fura, aka gaisa aka sake gaisawa. Da ya nemi ganin awakin aka shiga da shi. Sun murmure, gashinsu na sheƙi, biyu ma sun haihu. Wata ta gane shi ta taso tana shinshinar rigarsa. Shi kuwa ƙasa yake kallo, inda sabon taki ya fara taruwa bayan kwasar da aka yi.

Suka koma zaure. Ya yi ta kewaye-kewaye, zancen zafi, zancen kasuwa, har dai ya daure ya ce ko za a duba masa wani abu daga takin awakin, tunda dai na gidansa ne. Yana faɗa ya ji kunya ta rufe shi, don ya san ba haka abin yake ba.

Abdulhadi ya dubi tabarma. “Malam Nababa, ka san abin da ka tambaya ba a tambayarsa. Ni ma kuma ban so ka kai ga tambaya ba.”

Ya ce shi ma bana ko kwano ɗaya na takin zamani bai saya ba. Harawar da awakin Hure suka ci, da ya kai ta kasuwa da ta yi masa suturar iyali gaba ɗaya, ya haƙura ne saboda ƙanwarsa da kuma takin, kuma takin ya riga ya shiga gona, ba a kwaso shi. Amma abin da ya taru a turken daga baya, Nababa ya je ya kwashe duka, don zumunci ba don hakki ba. Ya sa aka auno masa irin gero da na wake. Ya ce awaki kuma duk ranar da ya tanadi abin da za su ci kafin ciyawa ta fito, ya zo ya kora kayansa.

Ba jaki, ba mangala. A buhu ya riƙa ɗurawa yana ɗaurewa a keke, buhu ɗaya a kan sirdi ɗaya a baya, yana turawa da ƙafa cikin yashi, rana na dukan ƙeyarsa. Mutumin da ya ba hamsin baya da nisa. Ya yi sawu ya koma, ya sake komawa, har turken Abdulhadi ya zama fes. A karo na farko a rayuwarsa bai fara zubawa daga bakin hanya ba, ya fara daga jikin danga, inda ba mai gani. Da ya zuba buhun ƙarshe ya miƙe ya duba. 'Yan tsibin sun tsaya a kusurwa ɗaya kamar an manta da su, sauran gonar fara fat har hanya.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Maƙwabta masu ƙarfin hali suka fara binne iri a busasshiyar ƙasa. Nababa ya daina cin abincin kirki. Hure takan ga ya fita gona ba fartanya ba komai, ya tsaya a tsakiya ya daɗe, ya dawo. Ba ta ce ya sayar ba, ba ta ce kada ya sayar ba. Ranar da aka yi yayyafin farko, wanda bai ko kwantar da ƙasa ba, ya aika aka kira Basiru.

A ƙofar gidan mai unguwa aka yi cinikin, da shaidu. Alhajin bai zo ba, wakili ya turo. Aka ja igiyar awo daga bakin hanya zuwa tsakiyar gonar, aka haƙa ramuka aka kafa turakun siminti. Da mai haƙan ya sa diga a kusurwar hanya, ƙasar da ta fito baƙa ce mai laushi har ƙasa, wakilin ma sai da ya ce kai, wannan wuri ya sha taki. Nababa ya dangwala yatsa inda aka nuna masa, ya karɓi abin da aka ba shi, ya shiga gida bai tsaya addu'ar tashi ba.

Kuɗin ba su yi auki ba. Ya sayi harawa da tsadarta, ya sayi ɗan yuriya, ya sayo wa Hure maganinta kati cikakke. Ya taya jaki, ya ji farashi, ya bar wurin. Ya je ya koro awakin da ƙafa, suka shigo gida suka nufi turkensu kai tsaye kamar jiya suka fita. Ruwa ya sauka sosai a makon. Ya shuka gero da dawa a rabin da ya rage, da lokaci ya yi ya bi tsakaninsu da wake. Inda takin Abdulhadi ya taɓa shukar ta yi kyau. Inda bai kai ba ta tsaya gajera, ganyen na ɗaukar rawaya, ƙuduji kuma ya fito. Ko ba a faɗa ba, abin da zai girba ba zai kai gidan wata kakar ba. Takin da awakin ke zubarwa yanzu na baɗi ne.

Ɗaya rabin kuwa an zagaye shi da waya an bar shi. Ba a shuka komai ba, sai ciyawa ta samu ƙasar da aka yi shekara da shekaru ana yi wa hidima, ta tashi har ƙugu, kore shar, irin wadda babu kamarta a duk Ɗorawar Sule. Awaki na ɗaure a turke suna kuka, ciyawar gefen hanyoyi kowa na rububinta. Nababa ya yi kwanaki yana wuce wayar da laujensa yana kawar da kai. Daga baya ya je wurin Basiru ya ce ya tambayar masa Alhaji ko zai yarda ya riƙa shiga yana yanka.

Amsa ta zo cewa ba komai, ya yanka, ya ma rage musu aikin share wuri. Yanzu kullum da sassafe, bayan ya dawo daga masallaci, za ka gan shi ya ɗaga wayar ya sunkuya ya shiga, ya durƙusa a inda mahaifinsa ke fara zuba taki, yana yanka yana tarawa. Masu wucewa sukan yi masa sannu, wasu su yi kamar ba su gan shi ba don kada ya ji nauyi. Ya ɗaure dami ya ɗora a ka ya kai wa awakin Hure, ya tsaya yana kallon suna ci.

Ranar da Basiru ya kawo masa amsar, bai tafi nan da nan ba. Ya tsaya yana murza hula a hannu, sannan ya ce izinin na bana ne kawai, don bayan damina za a kawo injin buga bulo a ajiye a wurin. Ya ce Alhajin ya kuma tambaya ko ɗaya rabin, wanda ya kai jikin danga, shi ma na sayarwa ne.

Nababa ya ɗauko laujensa. Ya gwada bakin laujen da babban yatsa, ya ji ya dakushe, ya shiga gida neman dutsen wasawa.